Ƙafafun Motar Asibiti

"Kaka, wai kai ka cire wa motar asibiti ƙafafunta?"

Mairo ce ta yi tambayar, tana zaune a gefen gadon igiyar kakanta tana tsotsar aduwa. Usɗa Jibirin, wato babban makaniki, ya tsaya da finjalin gahawa dab da leɓensa, bai kurɓa ba.

"Wa yac ce miki haka, amarya?"

"Yara. Sun ce ka ba mutanen Managil, ita ko ka bar ta bisa tubali awa kaza mai kwanci."

Sakinatu, uwar yarinyar, tana daga ƙofar ɗakin girki tana yanka kuɓewar shanya. Mairo 'yar fari ce, ba ta kiran sunanta, sai ta ce, "Ke, tashi ki kai wa kaji dussa." Yarinyar ta tashi tana waige. Tsohon ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba, ya aje finjalin, ya ce wa 'yarsa gahawar yau ta yi citta da yawa. Bai amsa tambayar ba, kuma Sakinatu ta lura da haka, domin ita ma wata biyu ke nan tana ɗauke da tambayar a bakinta ta kasa furtawa.

Shekara guda ke nan da gama madatsar ruwa ta Rusairis. Hillat Usmanu ƙauyen Hausawa ne a bakin kogi, can ƙasar Hartum, kudu da Mai Wurno, kuma abin da yake taƙama da shi bai wuce ɗan ɗakin shan magani da farar motarsa mai jan wata a ƙofa ba. Is'af ake ce mata. Mota ce mai ja da ƙafa huɗu, ita kaɗai ke iya ratsa baƙar laka zuwa Sinnar in damina ta kankama, lokacin da lorin kasuwa ke daina shigowa. Yanzu tana tsaye a gindin dogon yaro a kan jajayen tubala, akuyoyi na kwana a ƙarƙashinta.

Ba ɓarawo ne ya yi mata haka ba. Makanikan da ke gyaran motocin asibiti da na kashe gobara, daga Managil har Rusairis, suna da ƙungiya, nagaba suke ce mata, su goma sha tara. Kayan gyara daga Hartum sai a yi wata shida ana jira, don haka suke aiki da aro: in motar wani gari ta mutu, a ciro abin da take bukata daga jikin wata a sa mata kafin sabo ya iso. Rayis, shugaban da suke zaɓa duk shekara, shi ke faɗin motar da za a cira. Shekara goma sha ɗaya Usɗa Jibirin ke riƙe da kujerar, kuma a 'yan shekarun nan duk aron da ya taso, motar garinsa yake nunawa. Batir ya tafi Sinja da azumi. Famfon ruwan inji ya tafi Rusairis. Tayoyi huɗu suka bi lori zuwa Managil.

Sakinatu kuwa cikinta ya shiga wata tara. Asabe ungozoma ta lalube ta ranar Lahadi, ta daɗe tana danna nan da can, sannan ta zauna.

"Ɗan ga a gicciye shike," in ji ta. "In ya juya, alhamdu lillahi, aikina ne. In bai juya ba, ko ki yanka mini sa ba ni taɓa ki. Sai Sinnar, kuma ba a kan jaki ba."

Sakinatu ta san abin da ake nufi. Cikinta na biyu a kan amalanke ya ƙare, tsakanin gonakin auduga, ta dawo gida hannu biyu babu komai. Ta yi tunanin tafiya Sinnar tun yanzu ta zauna jira, to amma ba ta da kowa a can, asibiti kuma ba ya aje mace kafin naƙuda. Kullum da asuba takan fita ta dubi gabas. Hadari yana ƙara duhu kowace rana.

Zaɓen rayis na bana ranar Juma'a ne, saura kwana uku.

Da la'asar mijinta Almu ya dawo daga gareji, ya tsuguna yana wanke baƙin mai da toka da kananzir. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake ƙarƙashin Usɗa Jibirin, shi ya koya masa riƙe sifana, shi kuma ya ba shi 'ya. Ta zuba masa ruwa a hannu, ta ce, "Malam, in anka tashi ɗaga hannu ranar Juma'a, wa za ka ɗaga wa?"

"Wace irin tambaya ce wagga?"

"Irin ta mai ciki."

Ya ci gaba da murza yatsunsa. "Sakina, Baba ne fa."

"Na san ko wane ne, ni ya haifa. Motar nike tambaya. Kai da bakinka ka ce da kai ne rayis da aro ya riƙa zagayawa gari gari."

"Abin da na ce cikin ɗaki ke nan. Kina so in miƙe gaban mutane in ce surukina bai iya ba? Da wane ido za ni dubi garin ga?"

"Da wane ido za ka dube ni bisa amalanke?"

Ya miƙe ya yarfe ruwan hannunsa, ya ce, "Ko wani ya so sauke shi, ba ta yiwuwa. Ke ma kin san yadda akan yi."

Ta sani, don ita ke girkin. A gidan rayis ake taron. Baƙi su iso da hantsi, a fito da manyan siniyoyi, farantan nan na tagulla, cike da kisra, wainar dawa marar kauri, da miyar kuɓewa da naman rago. In an ci an ƙoshi, Usɗa Jibirin ya miƙe ya ce, "Jama'a, na gaji, ku sauke ni." Sai tsohon abokinsa Sambo, mai gyaran motar kashe gobara ta Sinja, ya ɗaga hannunsa da maiƙo bai bushe ba ya ce, "Hannun da yac ci shi ka ɗagawa." A yi dariya, hannuwa su tashi, a shafa fatiha, a wuce masallaci. Wa zai ci gishirin mutum a tsakar gidansa, da ɗanɗanon a bakinsa, ya ƙi shi?

Ranar Laraba da hantsi ta sami ubanta shi kaɗai a rumfa. Ta zauna nesa kaɗan a bakin tabarma, da ƙyar, tana dafa ƙasa. Yana riƙe da takarda daga Hartum, ya kai ta dab da hancinsa, ya janye, ya sake kaiwa. Da ya ji motsinta ya ninke ta.

"Baba, maganar yarinyar nan ta jiya."

"Na ji ta."

"Asabe ta ce sai Sinnar."

"Ita ma na ji. Uwarki ta hwaɗa mini." Ya shafa gemunsa. "Sakinatu, kin san abin da aka ce da mu a ƙasar ga. Ko a nan anka haifi kakanka, baƙo kake. Ranar da na cire taya daga motar Managil na bar ta garinmu tsaye, ba za a ce Jibirin ya yi son kai ba. Cewa za a yi, kun gani, haka suke. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya samu wannan maganar a kanmu."

"To mu fa? Mu da ba mu iya yi maka ƙara?"

"Na gida shi ka haƙuri."

"Na yi haƙuri bara waccan, Baba. Kai ka sa ɗan a rami da hannunka."

Ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa, ba faɗan da ya zo. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Shekara uku ke nan ina ce musu su sauke ni, da gaske nike. Idona ya tahi, lambar kusa ma sai na shafa. Su ko sun ɗauka kara ce, irin wadda akan yi. In na maimaita su ce Usɗa akwai kunya. Mutum ba shi ƙin abin da jama'a sunka ɗora mai, kuma ba shi tara baƙi ya hana su abinci."

Sakinatu ta ɗago ido. "In abincin ya makara fa?"

Ya daɗe yana dubanta da idanun nan masu farin hazo. Sannan ya jawo carbinsa. "Ni ban san sha'anin murhu ba," in ji shi.

Ranar Alhamis aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Ya jiƙa rumfa, ya mai da tsakar gida taɓo. Sakinatu ta tsaya a ƙofar ɗaki tana jin ƙamshin ƙasa, abin da kowa ke murna da shi, ita kuwa hanyar Sinnar take tunani. Ɗan cikin ya yi motsi, kansa har yanzu a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama.

Da safiyar Juma'a ta ji ubanta yana ce wa Almu rumfa ba ta zaunuwa, a shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaron ɗakin magani, wurin ya fi tudu. Wurin yana bayan dangar gidan ne, taku goma daga ɗakin girki. Sakinatu ta ci gaba da tankaɗe.

Baƙi suka iso, waɗansu a lori, waɗansu ta jirgin ruwa daga ƙetare, ƙafafunsu duk laka. Ta leƙa ta ɓular danga ta gan su cikin fararen jallabiyoyi suna gaisawa, Hausa da Larabci a cakuɗe. Suka zauna suka ba motar baya. Ba wanda ya dube ta sau biyu, makaniki ya saba da ganin mota a kan tubali.

Nama ya nuna tun da hantsi. Kisra tana jibge cikin faifai an rufe. Sakinatu ta zare itace biyu daga murhu, ta ƙara ruwa a tukunya, ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta cika ta da jikinta.

Uwarta Fadimatu, wadda ciwon gwiwa ya zaunar, ta yi kira daga ɗaki. "Ba a fitar da siniya ba?"

"Bai dahu ba, Inna."

Aka jima. "Rago ne ko raƙumi kike dahwawa?"

"Tsohon rago ne."

Tsohuwar ta dogaro sanda ta fito, ta ɗaga murfin tukunya da kanta, ta ga nama yana rabuwa da ƙashi. Ta dubi 'yarta. "Baƙi da yunwa a ƙofar ubanki, ke kina zaune? Mi munka yi miki?"

"Ba ku yi mini komi ba. In sun gama zaɓe su ci."

"Wagga ba tarbiyyata ba ce," in ji Fadimatu. Ta juya ta koma ɗaki, ta saki labule.

Inuwar dogon yaro ta fara tattaruwa zuwa gindinsa. Hirar maza ta yi sanyi, wani ya yi hamma, wani ya dubi rana. In ba su tashi kafin azahar ba, sallar Juma'a za ta wuce su, masu ƙetare kuma jirgi ba ya jira. Sai ga Almu ya shigo da sauri, shi ke ɗaukar siniya duk shekara.

"Sakina, mi ke nan? An sha shayi sau biyu. Sambo har ya fara ba'a."

"Ya yi ta yi."

Ya dubi tukunya, ya dubi itacen da aka zare, ya gane. Ya rage murya. "Tashi in wuce."

"Ɗauke ni ka aje gefe, in kana iyawa. Mu biyu ne." Ba ta san abin da za ta yi ba in ya matsa. Ya tsaya yana numfashi, idonsa a kan cikinta. Can ya juya ya fita hannu wofi. Ta ji shi yana ce wa mutane itace ya jiƙe da ruwan jiya.

Ta ja jiki zuwa danga. Ubanta ya miƙe, ya ce tunda lokaci na tafiya a yi abin da ya tara su, abinci ya biyo baya. Aka dubi juna.

"Jama'a, na gaji. Ku sauke ni."

Sambo ya ɗaga hannu bisa sabo, ya buɗe baki, sannan ya dubi tafinsa a bushe ƙarau. Waɗansu suka yi 'yar dariya. Ya sauke hannun ya sosa ƙeya da shi. Ba wanda ya san abin da akan yi in ba a faɗi kalmar ba.

"Na ce ku sauke ni," Usɗa Jibirin ya sake faɗa, ya maimaita da Larabci. "Idona ba shi gani. Ga shaida nan bayanku."

Mutum goma sha takwas suka waiwaya. Usɗa Abdussalami na Managil, wani dogon Balarabe mai tsage uku a kumatu, ya tashi ya zagaya motar. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi, ya kori akuya, ya buɗe murfin inji ya ga ramin batir da na famfo. Ya dawo a hankali.

"Ya Usɗa, tayoyin da ka aiko mana, na wannan ne?"

"Nata ne."

"Mun ɗauka daga ajiya ka fitar. Ita kaɗai ce a garin nan?"

"Ita kaɗai."

"Ga damina ta sauka." Ya dafa kansa. "Wallahi da mun sani da ba mu karɓa ba. Me ya hana wani cikinku ya faɗa?" Hausawan wurin duk suka dubi tabarma.

Yakubu na Rusairis ya ce to a ba Almu, shi ya fi kowa sanin hannun Usɗa. Amma Almu kansa a ƙasa ya ce, "Ba ni zama inda Baba ya tashi, shina raye." Aka roƙe shi, ya ƙi. Sakinatu ta riƙe ginshiƙin danga. Ta hana baƙi abinci, ta ɓata da uwarta, ga shi abin zai koma inda ya fito, domin Sambo ya riga ya fara cewa tunda yaro ya ƙi, Usɗa ya daure ya ƙara shekara.

Usɗa Jibirin ne ya katse shi. "Ni na tsayar da Abdussalami."

Sambo ya ce shi dai bai janye abokinsa ba, sai a ƙirga. Aka ƙirga. Hannu shida suka tashi wa Usɗa Jibirin, na Almu a ciki, yana ɗaga shi kamar mai ɗaukar dutse. Sakinatu ta rufe ido lokacin ƙirga ta biyu, ta ji Yakubu yana lissafi da ƙarfi har goma sha biyu. Abdussalami bai ɗaga wa kowa ba.

Sabon rayis bai yi dogon jawabi ba. Ya ce daga yau aro zagayawa zai riƙa yi, kuma ba a ƙara cire abu biyu daga mota ɗaya. Taya biyu za su dawo daga Managil, Sinja ta kawo biyu da batir. Sakinatu ta ji daɗi, sai kuma ta tuna a Managil ma akwai mata masu ciki, motarsu za ta koma kan tsofaffin tayoyi masu faci. Ta kawar da tunanin, ta je ta tura itace cikin murhu.

Da siniya ta fita, Sambo ya ɗebo nama ya narke masa a yatsu. "Ragon ga ya dahu har ya manta uwatai," in ji shi. Aka ci a gaggauce aka wuce masallaci.

Zaɓe dai an yi, mota kuwa tana nan kan tubali. Kwana ɗaya, kwana uku, ruwa ya sake sauka. Kullum da safe Sakinatu takan riƙo hannun Mairo su je su tsaya gindin dogon yaro, yarinyar ta leƙa ƙarƙashin motar ta ce wa uwarta, "Yumma, ba su tsiro ba." A rana ta shida tayoyin Managil suka iso a bayan raƙumi, don lori ya maƙale a hanya. Na Sinja da batir sai rana ta tara, ta kogi. Famfon Rusairis bai dawo ba sam. Almu ya tono wani tsoho daga tarkacen gareji ya yi kwana biyu a kansa, surukinsa na zaune gefe a kan gwangwani, ido a rufe, yana sauraron inji yana cewa a ƙara, a rage. Ba su yi maganar zaɓe ba, ko sau ɗaya.

Naƙuda ta zo a rana ta goma sha bakwai, da hantsi. Asabe ta taɓa sau ɗaya ta ce a kira direba. Sau biyu motar ta nutse a laka, Almu da Asabe suna tura ta, ruwan inji yana tafasa ana ƙara masa daga kududdufi. Sun isa Sinnar bayan azahar. Likita ya yi aiki ya fito da namiji, aka sa masa Alhasan. Wata ma'aikaciya ta ce wa Almu da sun ƙara sa'a guda, da ba wannan maganar ake ba.

Fadimatu ba ta ce wa 'yarta uffan ba sai ranar suna, ranar ma cewa ta yi, "Ki dai tabbata an ba baƙi abinci da wuri." Har yau a Hillat Usmanu akwai masu cewa Sakinatu ta kunyata gidan ubanta.

Kai da ke karanta wannan, in akwai motar asibiti a garinku, kada ka yarda da farin fentinta daga nesa. Je ka yau ka tsuguna ka ƙirga ƙafafunta, ka tambayi wanda ke yanke hukunci a kanta da yadda aka zaɓe shi. In dattijo ya ce muku ya gaji, ku saurare shi tun karon farko. Kuma in za ka ɗaga wa mutum hannu, dubi tafinka tukuna, kada ka ɗaga shi da maiƙon miyarsa, don ranar da matarka ko 'yarka za ta kwanta tana jiran mota, karar da ka yi ba za ta kai ta Sinnar ba.